Ƙanen Ƙanena

Babu wanda ya isa ya ce ba a san lokacin da aka haife ni ba. Mutane da yawa in ka tambaye su sai su ce da kaka ne, ko ana shirin azumi, amma ni tawa haihuwar tana da shaidu birjik. A Kano aka haife ni, cikin Disambar 1980, ana tsakiyar rikicin Maitatsine. Inna ta sha ba da labarin yadda aka fito da ita daga unguwa da tsohon ciki, ana jin harbi daga wajen 'Yan Awaki, ta je gidan yayarta ta sauka a can. Duk wata tsohuwa a danginmu ta san wannan.

Amma in ka buɗe fayil ɗina a wurin aiki, za ka ga ranar 1 ga Janairu, 1984. Haka yake a katin ɗan ƙasa, haka yake a banki, haka yake a CV ɗina, layi na biyu, ƙarƙashin sunana. Shekara uku sun yi ɓatan dabo, kuma ni na ɓatar da su, ido biyu, da hankalina.

Da yawa cikin masu karanta wannan sun san hanyar, wasu ma sun fi ni sanin lungunanta. Na gama sakandare a 1999. Jarrabawar shiga jami'a ta yi ta kayar da ni, ina rumfar Kawu a Kantin Kwari ina ninke atamfa, sai a 2006 na samu gurbi. Ana jibi rajista wani abokina da ya riga ni shiga ya zaunar da ni ya ce mu yi lissafi. Shirin hidimar ƙasa yana da ƙa'ida: wanda ya haura talatin ranar da ya kammala digiri ba a tura shi, sai dai a ba shi takardar yafewa. Ya ce, "Shekara huɗu a takarda. Ƙara yajin aiki. Ƙara kwas ɗaya ko biyu da za su maƙale maka, don na san kanka. Ina ka tsaya?" Na ƙirga da yatsu na ga a bakin rami na tsaya. Bai yi ƙarya ba kuwa, sai 2011 na fito. Kullum yajin aiki nake ɗora wa laifin, amma wani kwas na ƙididdiga da ya shaƙe ni ya fi kowa sanin gaskiya. Takardar yafewa halal ce, doka ta san da ita, sai dai tana sanar da mai ɗaukar aiki cewa ka tsufa tun kafin ka yi sallama. Ga kuma kakin nan, ni dai ina son sa.

Washegari muka nufi wata kotu ni da Kawu, domin takardar rantsuwar shekaru sai wani babba na gida ya tsaya ya ce a gabansa aka yi haihuwar. Tun a hanya yake ja mini kunne: "Kai, in dai Alƙur'ani za a miƙo mini in dafa, to ka nemi wani kawun." Daga baya na gane da gangan ya fito ba alwala, don ko an miƙo ya ce ba shi da tsarki. A bakin kotun akwai wata darbejiya, masu tafireta sun jera tebura a inuwarta, kowa da dutsen da yake danne takardu saboda iska. Wanda muka tsaya gabansa dattijo ne mai tabarau ɗaure da zare. Bai tambaye ni yaushe aka haife ni ba. Ya zura takarda ya murɗa, ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Nawa za a cire?" kamar mahauci yana tambayar na nawa za a yanka.

Na ce uku. Sai a nan ya dube ni ta saman tabarau. "Samari, ka sa biyar. Aiki a ƙasar nan ba ya zuwa da wuri." Na ce a'a, uku dai, wai ni a dole mai tsoron Allah, a ganina ƙaryar uku ta fi ta biyar sauƙin hisabi. Rana da wata kuwa bai ma shawarce ni ba, ya buga 1 ga Janairu, ranar da yake ba kowa. A ciki aka karɓi kuɗi, aka buga hatimi, aka sa hannu. Ba wanda ya ko kalli Kawu. Da muka fito ya ce, "Shi ke nan? Ai da na sani da na yi alwalata."

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun fi mu kunya a nan. A tsofaffin takardunsu, in ba a san ranar ba, sai a rubuta an haifi mutum wajejen shekara kaza, a bar wa Allah sani. Mu sai mun kawo rana da wata, da hatimi a kai. Dokar tilasta rajistar haihuwa ta 1992 ta zo ta tarar da irinmu mun riga mun yi wayo, kuma a wannan giɓin dattijon darbejiya yake ci da iyalinsa.

Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi. Na sa kaki, na karɓi Naira 19,800 duk wata, na yi hoto ina sara wa tuta. Sai da na gama na fara bin shafukan talla a jaridu, sannan maganar dattijon ta dawo mini. Bankuna da manyan kamfanoni kusan bakinsu ɗaya: kada mai nema ya wuce 26, wasu 27. Ni kuwa ko a takarda 28 gare ni. Hausawa suka ce in za ka sha giya sha ta dubu; ni ta sisi na sha, na kuma bugu. Na yi nadama ƙwarai a lokacin, amma ta rowar da na yi wa kaina, ƙaryar ko a jikina.

A wannan zaman jiran ne na zama gwanin CV. Yaron shagon kwamfuta yana da ta wani bawan Allah a ajiye, sai ya goge sunansa ya sa naka, ya bi layi yana tambaya kana amsawa. Ranar haihuwa, wurin haihuwa, jiha, ƙaramar hukuma, ƙabila, addini, da aure ko babu, wani har yawan 'ya'ya da tsawon mutum, sannan a manna hoto a kusurwa. Kafin a zo kan abin da ka iya, rabin shafin farko ya tafi wajen bayanin inda aka yanke maka cibiya. Can ƙasa kuma akwai abubuwan sha'awa, inda dukkanmu muke son karatu da tafiye-tafiye, har da ni da rabona da littafi tun jarrabawar ƙarshe.

Jiha da ƙaramar hukuma suna da dalilinsu in aikin gwamnati ne. Tsarin raba daidai ya shiga kundin tsarin mulki tun 1979, aka kafa masa hukuma a 1996, kuma in ba don shi ba da wasu jihohin sai dai su ji ana ɗaukar ma'aikata a rediyo. Ban da ja a kan wannan. Amma kamfanin da ke neman mai lissafin katan-katan na taliya, me ya haɗa shi da ƙaramar hukumata? Me zai yi da addinina, in ba so yake ya san gefen da zai ajiye ni ba? Sabo ne kawai. Mu da kanmu muke jera masa dalilan ƙin mu, tun bai nema ba.

Wani abokina da ke aiki a Ingila ya ga tawa, ya yi dariya har da tari. Ya ce a can dokar daidaito ta 2010 ta hana a ware mutum saboda shekaru ko addini ko jinsi, saboda haka kamfani ma ba ya son a ce ya ga waɗannan kafin ya yanke hukunci. A Amurka tun 1967 suke da dokar da ke kare wanda ya kai arba'in daga irin wannan wariya. Ya ce in share ranar haihuwa da hoto da aure da addini, in bar suna da lambar waya da abin da na iya. Na share. Na zauna ina kallon abin da ya rage, sai na ga ashe ba shi da yawa. Ranar na gane amfanin dogon bayanin nan: yana cika shafi.

Sharewar ma ba ta ɓoye komai, shekarun makaranta suna nan suna tonon silili. In aka bi takarduna, ina da shekara uku na shiga firamare, a zamanin da sai ka ɗora hannu ta saman kai ka kamo kunnen ɗaya ɓangaren kafin hedimasta ya rubuta sunanka. Na gama ina da tara. Wato ni wani haziƙi ne da ba a taɓa yin irinsa a unguwarmu ba, wanda daga baya ƙofar jami'a ta gagare shi shekara da shekaru. Sai na share firamare gaba ɗaya, na dawo na cire shekarar gama sakandare, na ga takardar ta ƙara ramewa. Daga ƙarshe na mayar da 1984 wurinta. Na gaya wa kaina wai a nan in ba ka sa ba za a ce akwai abin da kake ɓoyewa, kuma haka ne. Amma ainihin dalilin, ina son ganinta. Da kuɗina na saye ta. Duk lokacin da na buɗe takardar idona ya sauka a kanta, sai in ji ciwon gwiwa ya ragu.

Kada a ce ina wanke kaina, amma ƙofar da aka ce mu bi ɗin ma a dube ta. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila, ko asali, ko jinsi, ko addini, ko ra'ayin siyasa. Shekaru ba sa cikin jerin. Shi ya sa kamfani zai buga ƙiri-ƙiri a jarida cewa ɗan 28 ya tsufa, ba mai ce masa kanzil. A Yulin 2023 Sanata Abba Moro ya kai maganar gaban Majalisar Dattawa, aka amince da ƙudurin neman a daina, amma ƙuduri ba doka ba ne, tallan suna nan yadda suke. Yaron da aka yi yajin aikin wata tara a kansa a 2020, aka ƙara na wata takwas a 2022, wa zai biya shi watannin nan? A can sama kuwa ƙofar fita ake ta matsarwa gaba: farfesa sai 70, malamin makaranta 65 tun dokar 2022, alƙalan manyan kotuna 70 tun 2023. Ƙasar da ta rantsar da ɗan 72 shugaba a 2015, ta rantsar da ɗan 71 a 2023, ita ce take ganin ɗan 28 ya tsufa da ƙirga kuɗi a banki.

Da a nan abin ya tsaya, da sai in ce zaluntata aka yi, in ja mayafi in kwanta. To ba ragewa kaɗai nake yi ba. Ina ƙarawa ma.

Da zarar na baro ofis na shigo unguwa, shekarun nan uku suna jirana a bakin layi, har da riba. A majalisarmu ta bayan isha'i ni dattijo ne. Ni ne mai cewa "ku yaran yanzu", ni ne mai jawo zancen abin da babba ya hango. Akwai ɗan kawuna da aka haife mu sati guda, tun muna yara muke jayayyar wa ya girmi wani, kuma a wannan shari'ar ban taɓa yafe ko yini ɗaya ba. Na sha kai ƙara gaban Inna a kan kwana huɗu, domin kwana huɗun nan su ne zama a gaban mota, su ne wanda za a fara miƙa wa shayi, su ne wanda zai ba da aure in an zo neman 'yar gida. Mutumin da ya zubar da shekara uku a gindin darbejiya bai waiwaya ba, shi ne yake kumfar baki a kan kwana huɗu. Da rana ina so a ce matashi ne mai jini a jika, a tura shi kwas. Da dare ina so a durƙusa a gaishe ni.

Wahalar irina ita ce tuna inda yake zaune. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, da aka sauya fasalin Naira mutane suna kwana a layin banki, hira a ofis ta koma kan canjin kuɗin da Buhari ya yi a Afrilun 1984 yana mulkin soja. Sai bakina ya manta a ofis yake. Na gyara zama na ce ai ni da idona na ga wancan, ina tuna Baba ya baje tsofaffin kuɗi a kan tabarma yana ƙirgawa yana tsaki, ina gefe ina wasa da murfin kwano. Gaskiya ne kuwa, yana cikin abubuwan farko da nake iya tunawa a duniya. Ofis ya yi tsit. Sai wata ma'aikaciyar sashen mulki, wadda fayil ɗin kowa yake bi ta hannunta, ta ce cikin ladabi, "Ikon Allah. Yallaɓai, a goye ka ga wannan?" Ko wata huɗu ban cika ba a lokacin, in ji fayil. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, na fi kowa dariya, na ce ai labarin aka yi ta ba ni har ya zauna mini. Ita ma ta yi dariya. Tun daga ranar ni nake riga ta gaisuwa.

A gida kuma akwai ƙanena, mai bi mini. Da damunar 1983 aka haife shi, kuma shi irin mutanen nan ne da ba sa tsallake layi ko ba kowa a wurin. Da lokacinsa ya zo aka nuna masa hanyar darbejiya, ya ce shi ba ya zuwa. Saboda haka a hukumance ya girme ni, kuma a hukumance Inna ta haihu sau biyu cikin wata biyar. Ni na goya shi, ni na raka shi makarantar allo ranar farko, amma duk inda aka ajiye katunanmu biyu, shi ne yaya. Ba ya gori, abin da ya fi gori ciwo yake yi. Ranar Sallah zai durƙusa har ƙasa, "Yaya, barka da Sallah," in zai tashi ya rage murya ya ce, "Ko a takarda ne ai ka ɗan rusuna mini." Inna kuwa da labari ya kai mata, cewa ta yi, "To ni wa na haifa ana harbi?"

Jiki ba ya karanta fayil. Furfura ta fito a kan lokacinta. Lalle sunna ne, amma jan gemu shela ce, ba mai ganinsa ya ce matashi. Sai na koma wa baƙin rini, mai askina yana shafa mini ranar Asabar da sassafe kafin shago ya cika. Bayan 'yan kwanaki gindin gashin ya fito fari, samansa baƙi ƙirin, in sake komawa. Wuri ɗaya ne nake faɗin gaskiya ba a matsa mini ba, gaban likita. A nan har watannin da suka ɗoru nake lissafa masa, kada ya rage mini magani.

Da ina cewa wata rana zan gyara. BVN ta zo a 2014, ga kuma lambar NIN, a ƙarshen 2020 aka ce a haɗa ta da layin waya. Ƙaryar da take kwance a fayil ɗaya cikin kabad mai ƙura, yanzu ta shiga kwamfuta an ɗaura mata aure da zanen yatsuna. In na ce zan koma 1980, ni ne maƙaryaci a idon hukuma, sai na kawo takardar rantsuwa. Masu ƙwallo dai su aka fi tona wa asiri. A 2016 aka ɗauki hoton ƙashin wuyan hannun 'yan ƙasa da shekara 17 da na'urar MRI, mutum 26 suka faɗi, ragowar suka je Yamai Nijar ta fitar da su. Ina cikin masu tsaki a majalisa ina cewa an zubar mana da mutunci. Da akwai irin na'urar nan ta manya, a girke ta a ƙofar ma'aikatu ranar Litinin, ban san wa zai rage ya buɗe ofis ba.

Na samu aiki daga ƙarshe, ta hanyar da aka saba, wani ya yi wa wani magana. Na daɗe har na kai a sa ni cikin kwamitin intabiyu. Muna bayan dogon tebur, ga ruwan roba ga biskit, CV tuli a gabanmu. Nan na gano baiwar da Allah ya yi mini. Kafin shugaban kwamiti ya gama karanta suna, na riga na ɗebe shekarar haihuwa daga shekarar gama firamare. Mugu shi ya san makwancin mugu. Ina yi wa na kusa da ni raɗa, "Wannan ya ci huɗu. Wancan biyu kawai, mai tsoron Allah ne."

Wata matashiya ta shigo da irin CV ɗin da abokina na Ingila yake so: suna, waya, karatu, aikin da ta yi, shi ke nan. Shugaba ya juya takardar baya, ya sake juyowa, ya murza ta da yatsu ko wani shafi ya maƙale. "Malama, ke 'yar wace jiha ce?" Ta faɗa. "Da aure?" Ta ce eh. "Yara fa?" Wani ya cafe, "Maigidan zai bar ki ki yi dare in aiki ya kama?" Duk abin da ta cire daga takarda sai da aka zaro shi daga bakinta kafin a yi mata tambaya ɗaya a kan aikin. Shekarunta kaɗai ba a tambaya ba, don na riga na lissafa, na rubuta da fensir a gefen takarda na tura wa shugaba. Ba wanda ya sa ni.

Sai wani ya shigo, ya rubuta 1982 ɓaro-ɓaro, gemunsa da furfurarsa yadda Allah ya yi shi. Ya daɗe yana koyarwa a makarantun kuɗi, ya amsa tambayoyi tsaf, ya fi duk wanda ya shigo ranar sanin aikin. Da ya fita aka yi shiru irin na an rasa abin kushewa. Sai na ji wata murya ta ce, "Ya iya kam, amma fa ya ɗan kwana biyu. Anya zai iya gudu da yaran nan?" Muryata ce. Kowa ya gyaɗa kai, har da waɗanda na san shekarar da suka gama sakandare.

Da azahar ina alwala a bakin masallacin ma'aikata, ya zo ya tsuguna kusa da ni da butarsa. "Siniya, ba ka gane ni ba ko?" Ya kira sunan makarantarmu, ya kira ɗakin kwananmu, ya ce ina aji shida yana aji huɗu, ni ne ma mai sa shi ɗiban ruwa. Ya ce tun shigowarsa ya gane ni, hankalinsa ya kwanta, ya san yana da nasa a ciki. Na ce Allah sarki, ai fuskar ce ta canza mini. Ya dubi gemuna baƙi ƙirin ya ce, "Kai kuwa ba ka canza ba, Siniya." Sai da na sake alwalar daga farko, don na manta inda na tsaya.

Bai samu aikin ba. Matashiyar ma ba ta samu ba. Ashe gurbin da mai shi tun kafin a buga talla, wani yaro ne da ya zo da 'yar takarda daga sama, wanda ban ma tsaya lissafa nasa shekarun ba. Na so in jingina da wannan in ce maganata ba ta canza komai ba. Sai dai lokacin da na faɗe ta ban san da haka ba.

Ƙa'idar aikin gwamnati shekara 60 ce da haihuwa ko 35 da fara aiki, duk wadda ta riga zuwa. Ni da na shigo a makare, ta haihuwa ce za ta riga. Gaskiya ta ce in tattara a ƙarshen 2040, fayil ya ce in zauna sai 2044 ta kama. Albashin shekara uku ke nan a kan kujerar da wani yaro yake jira, jiran ya sa ya wuce ƙa'ida, shi ma ya je ya rage nasa. Na san wannan sarai. Na kuma san ranar da aka miƙo mini takardar ritaya zan ce an yi sauri.

Kwanakin baya muka je yi wa babban ɗana rajistar NIN, don tun 2021 ba a zana jarrabawar JAMB sai da ita, makarantarsu kuma ta ce a kawo tun da wuri. Shi a asibiti aka haife shi, yana da takardar Hukumar Ƙidaya da rana da wata da hatimi. Amma an sa shi makaranta da wuri, ya kuma tsallake aji shida, in aka tafi a haka yana da 15 zai gama sakandare. A 2024 ministan ilimi na lokacin ya ce sai ɗan 18 zai shiga jami'a, aka yi ta ce-ce-ku-ce, wanda ya gaje shi ya mayar da ita 16. Ko a 16 ɗin yaron ya gaza da shekara guda. Muna kan benci ina ta saƙawa ina kwancewa: in ƙara masa ɗaya ya shiga jami'a ba jira, ko in rage masa biyu saboda masu cewa kada a wuce 26?

Da layi ya zo kanmu ma'aikacin ya ce, "Ranar haihuwa?" Na matso da kujera, na rage murya na ce, "Ɗan'uwa, a ganinka wacce ta fi amfani?" Uwar yaron ta miƙo hannu ta saman kafaɗata ta ajiye takardar a kan tebur. "Malam, matsa. Wannan ni na haife shi, ina wurin." Aka buga abin da ke rubuce. Muna hanyar gida yaron ya leƙo daga baya ya ce, "Baba, kai shekararka nawa?" Na ce ya zauna da kyau, ba ya gani ina tuƙi?